SHAƘEWAR MURYAR YARA: A SAN TA TUN RANA BA TA FAƊI BA

Kowace shekara, da zarar an gama kai amfanin gona gida, iskar hunturu ta fara kaɗawa, hazo ya rufe sama, sai mura da tari su sauka a gidaje ba sallama. Wannan kowa ya sani, tun daga Batsari har Ruma da Wagini, tun daga Safana har Runka da Zakka. Galibin tarin nan ba shi da wani hatsari, ya kan yi 'yan kwanakinsa ya wuce. Amma a cikinsa akwai wani iri wanda ke kama ƙananan yara a maƙogwaro, ya dushe musu murya, ya matse musu hanyar numfashi. Shi ma yawancin yaran da ya kama su kan warke sarai. Sai dai akwai kaɗan daga cikinsu waɗanda in an yi sakaci a kan rasa su tsakanin lisha da asuba. Yadda za a gane waɗannan kaɗan ɗin a cikin sauran, shi ne abin da mu ke so mu yi magana a kai yau.

Mun nufi maganar nan musamman ga malaman makaranta da akawuna da sauran ma'aikatan ofis. Dalili kuwa shi ne, tun zamanin En'e, har bayan da aka mai da ita ƙananan hukumomi cikin 1976, al'adar mutanenmu ba ta sake ba: in abu ya rikice a unguwa, ƙofar mai ilmi a ke fara bugawa. Maƙwabci ya yi sallama da tsakar dare, ya ce, "Malam, don Allah zo ka duba mini yaron nan, numfashinsa ya ƙi." Kai kuwa ba likita ba ne. Amma abin da ka faɗa a daren nan, ko "a bari sai da safe," ko "a tashi yanzu," shi za a bi. Ashe kuwa wajibi ne ka san wadda za ka faɗa a cikin biyun.

INDA CIWON YA KE

In mutum ya shafa wuyansa ta gaba zai ji wani ɗan guringuntsi, wanda mu ke kira zakaran wuya. Daga cikinsa murya ta ke fita, gama akwai waɗansu 'yan tantani guda biyu waɗanda iska ke kaɗawa in muna magana. Ta nan kuma dukkan iskar da mu ke shaƙa ta ke bi kafin ta gangara huhu, ba ta da wata hanya sai wannan. In ƙwayoyin cutar mura suka sauka a wurin, sai ya kumbura. Babba in haka ta same shi, muryarsa kaɗai ke dushewa, ya yi kwana uku ko mako guda yana magana kamar mai raɗa, sa'an nan ta buɗe. Malaman aji sun san wannan sarai. Ƙaramin yaro kuwa ba haka ba ne, domin kafar iskarsa ƙarama ce ainun.

Ga lissafin da kowane malami zai iya bugawa a kan allo. Faɗin kafar iskar jariri bai fi kamar milimita 4 ba. In bangonta ya kumbura da milimita 1 kacal a kewaye, faɗin da ya rage milimita 2 ke nan, watau filin da iska za ta bi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu na yadda ya ke da. Yaron da ya tasa, mai kafa ta milimita 8, in irin kumburin nan ya same shi, tasa ta koma 6, har yanzu fiye da rabin filin yana nan. To, kun ga abin da ya sa murar da ta dushe muryar yaya kaɗai, ita ce ta ke neman shaƙe ƙanensa na goye.

TARI MAI KAMA DA HAUSHI

Irin wanda aka fi gani likitoci suna ce da shi kurup. Ba sabon abu ba ne, gama tun 1765 wani likita na birnin Edinbara a Sikotilan, mai suna Francis Home, ya rubuta bayaninsa. Ya fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 3, ko da ya ke a kan gan shi har wajen shekara 6, maza kuma sun ɗan fi mata kamuwa.

Tafiyarsa kusan iri ɗaya ce kullum. Yaro ya yini ɗaya ko biyu da majina da ɗan zazzaɓi, ba wanda ya damu. Can cikin dare sai ya farka da wani busasshen tari mai amo, kamar haushin kare. Wanda ya taɓa jinsa sau ɗaya ba ya mantawa. In ya yi kuka muryar a dushe, in ya ja numfashi ciki kuma sai a ji wani ƙugi mai kaushi daga wuyansa. A lura da wannan, ƙugin nan a wajen shaƙar iska ya ke, ba kamar na mai asma ba, wanda nasa fito ne daga ƙirji a wajen fitar da ita.

Da gari ya waye sai yaro ya ji sauƙi, har ya sauka ya yi wasa, iyaye su ce ai ya warke. Nan ne yaudarar ciwon ta ke, domin dare na biyu ya kan komo, sau da yawa ma ya fi na fari tsanani. Bayan kwana biyu ko uku haushin ya kan lafa, cikin mako guda kuma yaro ya koma yadda ya ke.

Abin da ke kawo shi ƙwayar cuta ce irin ta mura, wadda a ke kira bairos, kafso da allurar kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba su cin bairos. Saboda haka wanda ya je kemis ya sayo kafso ya buɗe ya ɗura wa yaro, kuɗinsa kawai ya zubar. Ƙyanda ma ta kan kawo wannan shaƙewa, tata kuwa mai tsanani ce. Yaron da ke da ƙyanda in muryarsa ta dushe, asibiti za a nufa da shi.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

In yaro yana tarin haushi amma yana shan nono ko ruwa, idonsa biyu sarai, ƙugin kuma ba ya fita sai in yana kuka, to, ana iya jiyyarsa a gida har gari ya waye.

Babban magani na fari shi ne lallashi. Kuka yana ƙara matse kafar, matsewar tana ƙara masa tsoro, tsoron yana ƙara kukan. Sai uwa ta ɗauke shi ta zaunar da shi a cinyarta, kansa a sama, ta rarrashe shi. Kada jama'a su cika ɗaki ana salati da ƙarfi a kansa. A ci gaba da ba shi nono, wanda aka yaye kuma a ba shi ruwa ko koko kaɗan-kaɗan, a kai a kai, amma ban da ɗura, kada ya ƙware. In jikinsa da zafi a ba shi farasitamol na yara gwargwadon yadda malamin asibiti ya nuna. Ba a ba yara asfirin. Yaron da ya wuce shekara 1 ana iya lasa masa ɗan ƙaramin cokali na zuma don tarin ya lafa, amma wanda bai cika shekara ba ba a ba shi zuma ko kaɗan, gama ta kan ɗauko wata ƙwaya mai shanye jikin jarirai.

Hayaƙi abokin gaban wannan ciwo ne. Mun san ɗarin hunturu ya kan sa a shigar da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa, waɗansu kuma su zuba turaren magani a garwashi su kara yaro a kai. Duka biyu ƙara kumburin su ke yi. Gara a lulluɓe jikinsa a fito da shi tsakar gida ya sha iska, sau da yawa ya kan ji dama. Sirace da tafasasshen ruwa, wanda har likitocin Turai sun daɗe suna yabawa, da aka gwada shi sosai an tarar ba ya rage kumburin, ga shi kuwa yara da yawa sun ƙone ta dalilinsa. Maganin tari na kwalba ma ba na ƙananan yara ba ne sai da umurnin likita, domin waɗansunsu su kan sa barci, barcin kuwa ya ɓoye alamun da mu ke so a gani. Daga ƙarshe, lalle wani babba ya kwana kusa da yaron yana duba shi.

ALAMUN DA BA A JIRA DA SU

Ga abin da mu ke roƙon kowane mai karatu ya kwafe ya liƙa a bangon ɗakinsa. In aka ga ko ɗaya daga cikin waɗannan, ba maganar jiran safiya:

1. Ƙugin numfashi yana fita alhali yaro yana zaune shiru ko yana barci, ba kuka ya ke yi ba.

2. In ya ja numfashi, ƙasan ƙirjinsa ko ramin wuyansa yana faɗawa ciki.

3. Ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana dalalar da miyau don ya kasa haɗiyewa.

4. Harshensa da cikin leɓɓansa sun yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi.

5. Wuyansa ya kumbura, ko an hango wani farin tantani a maƙogwaronsa.

6. Yana jijjiga, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko an kasa tashinsa daga barci.

7. Numfashinsa ya cika sauri. A ɗaga rigarsa sa'ad da ya natsu, a dubi agogo, a ƙirga ɗagawar cikinsa minti ɗaya cur. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya yi sauri in ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba, ko 50 ga mai wata 2 zuwa 11, ko 40 ga mai shekara 1 zuwa 5.

Akwai kuma wata alama wadda ta fi duka ruɗi. Yaron da ya daɗe yana fama, yana ƙugi da ƙarfi, sai a ji ƙugin ya ragu, jikinsa ya saki, ya yi lamo. Iyaye su ce alhamdu lillahi, ya sami barci. In ƙirjin yana faɗawa har yanzu, wannan ba sauƙi ba ne, gajiya ce, ƙarfin jan iskar ne ya ke ƙarewa. Sai a ruga da shi.

ABIN DA A KE YI A ASIBITI

Waɗansu na cewa, tun da kafso ba ya ci, me za a je yi asibiti? Akwai abin yi ƙwarai. Da akwai magani mai suna dekzametazon, mai saɓe kumburi, wanda a ke auna wa yaro bisa nauyinsa, a ba shi sau ɗaya tak, ta baki ko ta allura. Cikin 'yan sa'o'i kafar ta kan fara buɗewa, amfaninsa kuma ya kan kai yaro har ya ƙetare daren da a ke tsoro. Ba shi da tsada, amma ba abin da mutum zai sayo ya auna da ka ba ne, aikin ma'aikacin lafiya ne. In shaƙewar ta yi tsanani a kan shaƙa wa yaro adiranalin ta wata na'ura mai mai da shi tururi. Wannan yana aiki nan da nan, amma ƙarfinsa ya kan gushe bayan kamar sa'a biyu. Shi ya sa in likita ya ce a dakata kada a tafi gida tukuna, sai a dakata, ko da an ga yaro ya warware. Wanda ke bukata kuma a sa masa iskar oksijin.

MASHAƘO

Yanzu mun zo kan wadda ta fi tsoratar da mu. Akwai wata cuta mai shigowa da kamar ciwon maƙogwaro, wadda likitoci ke kira difteriya, mu kuma a rediyo da jarida mu ke ce mata mashaƙo. Cikin Disamba 2022 aka sanar da Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Nijeriya ɓullarta a Kano da Ikko, watau Legas. Cikin 2023 ta bazu a Yobe da Katsina da Bauci da Barno da Kaduna da Jigawa, ta kuma ɓulla a ƙasar Damagaram ta Nijar. Ya zuwa farkon 2025, bisa ƙidayar hukumar nan, waɗanda aka tabbatar sun kamu sun haura 20,000, waɗanda suka rasu kuma sun haura 1,000. Kano ta fi kowace jiha yawan masu cutar. Mafi yawansu yara ne 'yan shekara 1 zuwa 14, akasarinsu kuwa ba su cika allurar riga-kafi ba. Cikin Maris 2025 har a makarantar kwana ta King's College a Ikko ta shiga, saboda haka kada wani ya ce cutar ƙauye ce.

Ana ɗaukarta ta tari da atishawa da cuɗanya, ta kan bayyana kwana 2 zuwa 5 bayan an ɗauka. Bambancinta da kurup shi ne, mai kurup yana da ƙara amma da rana ya kan yi wasa, mai mashaƙo kuwa zazzaɓinsa ba shi da yawa amma ya yi laushi, ya ƙi abinci, haɗiya ta gagare shi. Cikin kwana biyu ko uku wani tantani mai kauri, fari-fari ko toka-toka, ya manne a maƙogwaronsa, in an kankare shi jini ya fito. Wuya ya kan kumbura ta gefe biyu, wani kuma majinarsa ta riƙa fita da jini-jini. In tantanin ya gangara zuwa zakaran wuya, murya ta dushe, numfashi ya toshe. Saboda tantanin nan ne wani likitan Faransa, Pierre Bretonneau, ya raɗa mata suna cikin 1826 da kalmar Girkanci mai ma'anar fata.

Shaƙewa ba ita kaɗai ce ɓarnarta ba. Ƙwayar tana zubar da dafi cikin jini wanda ke taɓa zuciya da jijiyoyi, har yaro ya ga kamar ya warke, bayan mako ɗaya ko biyu zuciya ta raunana. Akwai allurar karya dafin, amma dafin da ke yawo cikin jini kaɗai ta ke kamawa, wanda ya riga ya shige tsoka ya wuce ta. Don haka kowace rana da aka ɓata a gida hasara ce. A kan haɗa da maganin kashe ƙwayar, a keɓe mai ciwon, a kuma ba mutanen gidan magani da riga-kafi. A cikin masu kamuwa a kan rasa 5 zuwa 10 cikin 100, in kuwa ba riga-kafi ba magani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kan kai wajen 30 cikin 100.

Turai ma ta sha wannan azaba. Cikin 1878 cutar ta kashe Gimbiya Alice, 'yar Sarauniya Biktoriya ta Ingila, da ƙaramar 'yarta. Cikin 1884 Friedrich Loeffler na Jamus ya ware ƙwayar, Emil von Behring ya gano maganin dafin, har aka ba shi lambar Nobel cikin 1901, sa'an nan cikin 1923 Gaston Ramon na Faransa ya gyara dafin ya zama allurar riga-kafi. Da wannan allura suka kore ta, ba da wani asiri ba.

WAƊANSU MASU KAMA DA SHI

Akwai abu uku kuma da ya kamata a sani. Na ɗaya, kumburin ɗan murfin da ke rufe hanyar iska in muna haɗiya. Wannan farat ɗaya ya ke zuwa da zazzaɓi mai zafi, yaro ya zauna ya miƙa wuya gaba, baki buɗe, miyau na zuba, ba ya tarin haushi, ba ya son a kwantar da shi. Kada a kwantar da shi, kada a sa masa cokali ko yatsa a baki don a duba, gama hakan na iya toshe kafar gaba ɗaya. A ɗauke shi a zaune yadda ya ke so, sai asibiti.

Na biyu, ƙwarewa. Lokacin hunturu lokacin gyaɗa ne a kowane gida. Yaro lafiya lau, ba mura ba zazzaɓi, yana ci ko yana wasa, sai ya sarƙe nan take. In yana iya tari da ƙarfi a bar shi ya yi. In ya kasa ko kuka, jariri a kifa shi a kan hannu, kansa ya ɗan yi ƙasa, a bubbuga tsakanin kafaɗunsa sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 5, a yi ta maimaitawa. Kada a zura yatsa ana lalube. Ko ya lafa a kai shi a duba, domin ƙwayar gyaɗa ta kan gangara huhu ta zauna. Mafi kyau duka, kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa ɗungum, a daka masa.

Na uku, jaririn da tun makonnin fari a ke jin ƙugi a wuyansa in yana shan nono ko an kwantar da shi rigingine. Sau da yawa taushin guringuntsi ne, ya kan bari da kansa kafin shekara 2. Duk da haka likita ne zai faɗi wannan, ba mu ba. Jaririn da bai kai wata 6 ba in muryarsa ta dushe, haka kuma kowane yaro da dushewar ta wuce mako 3, a kai a duba.

ASKAR WANZAMI

Mun san abin da kaka ta kan ce in ta ji jikanta yana ƙugi: "Beli ne ya sauko, a kira wanzami." Wanzamai mutanenmu ne, masu sana'ar gado, ba mu nufin cin mutuncin kowa. Amma gaskiya ɗaya ce. Beli a can saman maƙogwaro ya ke, inda ido ke gani, kumburin kuwa yana ƙasa, cikin zakaran wuya, inda aska ba ta kai. Ciwo a ƙafa ne a ke tsaga goshi. Ga kuma abin da ke biyo baya: an danne yaro yana tsala kuka da 'yar kafar da ta rage masa, jini yana gangarawa cikinta, ya kasa shan nono kwana da kwanaki, askar kuma tana iya sa masa ciwon sarƙe haƙora ko ciwon hanta. In ko mashaƙo ne, an ɓata ranar da allurar dafi za ta yi amfani, an kuma ɗauki ƙwayar zuwa bakin yaro na gaba. Malamin da ya iya shawo kan kaka da ladabi, ya ce, "Iya, mu fara kai shi asibiti tukuna," ya yi babban aiki. Wanzamin da ya buɗe bakin yaro ya ga farin tantani, ya mai da askarsa cikin zabira ya ce a tafi asibiti, shi ma ya ceci rai.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Mutanen Batsari da Safana ba su bukatar a gaya musu abin da tafiyar dare ta ke nufi. Ƙasashen nan biyu suna bakin dajin Rugu, sun kuwa sha wuya a hannun 'yan bindiga shekara da shekaru, har cikin Satumba 2021 aka rufe layukan waya a can na ɗan lokaci. Ko a lokacin zaman lafiya ma, samun babur da mai da kuɗi da ƙarfe biyun dare ba abu ne mai sauƙi ba. Ga ciwo kuwa mai tashi da dare. To, dabara ita ce a yanke shawara tun da sauran rana.

Yaron da ya yi tarin haushi daren jiya, a kai shi ɗakin shan magani yau da hantsi, ko da yana wasa, kada a jira a ga yadda dare na biyu zai kasance. In ƙauyen yana da nisa, malamin asibiti kuma ya nuna shakka, gara uwa da ɗa su kwana gidan dangi kusa da Babban Asibitin Batsari, ko na Dutsin-ma ga mutanen Safana. In abin ya fi ƙarfinsu can, su za su tura Katsina, inda Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa su ke. A kan babur, a riƙe yaro a zaune a ƙirjin uwarsa, kada a rufe masa fuska da zane.

Kowane mai gida ya san tun yau wa zai ɗauke su in ta kama, ya kuma ajiye ɗan abin da zai sa mai. Sa'an nan ga wata magana da mu ke so magidanta su ji da kyau. Sau da yawa mai gida yana kasuwa ko ya tafi cin rani, matar tana kallon ɗanta yana shiɗewa, ba ta da izinin fita. Ka bar mata izini tun kafin ka tafi, a gaban mahaifiyarka ko ƙanenka, cewa in yaro ya nuna ɗaya daga cikin alamun nan, ta kai shi ba sai ta jira ka ba.

AIKIN DA YA RAGE GARE MU

Kurup ba shi da riga-kafi, amma uku daga cikin miyagun da muka lissafa suna da shi. Tun 2012 Nijeriya ta fara ba jarirai allurar Penta, wadda a ke yi sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14. Tana tsare yaro daga mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙe haƙora, da wani irin ciwon hanta, da ƙwayar da ta fi kawo kumburin murfin nan da muka ambata. Ta ƙyanda kuwa ana yi a wata na 9, a sake a wata na 15. Kyauta a ke yinsu a asibitocin Gwamnati. Allura ɗaya ba ta isa ba, sai an cika ukun. Wanda aka tsallake wa ma ba a makara ba, a kai shi, ma'aikatan za su faɗi abin da ya dace da shekarunsa.

Malamin makaranta ya tambayi katin riga-kafi sa'ad da a ke ɗaukar sababbin yara. In ya ga almajirinsa da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, ya raba shi da sauran, ya aika wa iyayensa, ya kuma sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, inda a ke da jami'i mai sa ido a kan cututtuka, ko ya buga 6232, lambar kyauta ta Hukumar Yaƙi da Cututtuka. Kada a manta da makarantun allo, inda yara ke kwana a cunkushe. Akawu kuma, wanda ke zama da dagatai da masu unguwanni, ya karanta musu alamun nan bakwai, su kuma su sa a faɗa a masallaci da wurin suna. Muna fata Sarkin Ruma, Hakimin Batsari, da Yariman Katsina, Hakimin Safana, Allah ya ja zamaninsu, za su ƙarfafa wannan magana a ƙasashensu, gama abin da uban ƙasa ya faɗa ya fi saurin shiga kunne.

Rai da ajali na Allah ne, wannan ba mai musu. Amma Shi ne kuma ya hore mana ilmin da za mu gane ƙugin da ke jiran safiya da wanda ba ya jira. Ranar da aka buga ƙofarka da dare, Malam, ka ɗauki fitila da agogo, ka saurari numfashin yaron, ka dubi ƙirjinsa, ka ƙirga, sa'an nan ka faɗi abin da ka gani ba tare da jin nauyin kowa ba. Allah ya raya mana zuriya, ya sa mu ga bayan hunturun bana lafiya, amin.